Gardamar bakin shago a kan sabon kiɗan Mdou Moctar

Da tura waƙa na fara neman abinci. Wajen 2010 ke nan, ina da tebur ɗaya da lema da wata tsohuwar kwamfuta kusa da inda motocin Illela ke lodi a nan Sakkwato. Mutum ya miƙo memori, in cika masa da waƙoƙin fina-finan Hausa da na Indiya, ko wa'azi, ko karatu, gwargwadon abin da ransa ke so. A cikin wannan hada-hadar ne wani direba mutumin Nijar ya kawo wayarsa ya ce in kwashe duk abin da ke ciki in zuba masa a sabon memori. Ina cikin kwashewa na danna wata waƙa don in tabbatar ba ta lalace ba. Abin da na ji ya ɗaure min kai. Gangar na'ura ce irin wadda muka saba ji a waƙoƙin fim, murya an matse ta da otocun, na'urar gyaran murya, har tana rawa, amma harshen ba Hausa ba ne, ga kuma jita tana ta zarya a ƙarƙashi. Babu sunan mawaƙi a jikin fayil ɗin. Na tambayi direban, ya ɗaga kafaɗa ya ce wani yaro ne daga wajensu. Ban nemi izininsa ba na ajiye wa kaina kwafi.

Shekaru sun ja kafin in san mai waƙar. Mahamadou Souleymane ne, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Cintabaraden a jihar Tawa, waƙar kuma Tahoultine ce daga kundinsa na farko, Anar. Na yi dariya ranar da na gano a nan Sakkwato aka naɗi kundin a 2008. Wato kaya ya fita daga garinmu, ya tsallaka Ƙonni, ya zaga hamada daga waya zuwa waya ta Bluetooth, sannan ya dawo teburina a matsayin baƙo. Ta wannan hanyar ce kuma wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar lokacin da yake tattara kiɗan da ke cikin wayoyin mutane a arewacin Mali. Ya saka ta cikin wani tarin waƙoƙi da ya fitar a 2011, ya kuma shiga cigiyar mai ita har ya same shi.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce jiya na san mutumin. Yau gyaran waya nake yi, ina da shago mai ƙofa, direban nan kuma ya zama aminina. Duk sanda ya shigo gari a bakin shagona yake kafa butar shayinsa. Na uku a majalisar shi ne ɗan yayata da nake koya wa aiki, yaro ɗan shekara ashirin da biyu wanda kunnensa ba ya rabuwa da iyafis. Mu ukun nan mun fi shekara muna gardama a kan fayafai biyu da Mdou Moctar da abokan kiɗansa suka fitar a jere a kamfanin Matador: Funeral for Justice, wanda ya fito a watan Mayun 2024, da Tears of Injustice, wanda ya biyo baya a Fabrairun 2025. Kowannenmu yana da abin da yake auna su da shi, kuma mudun namu bai zo ɗaya ba.

Mudun aminina shi ne na da. Shi a wurinsa Mdou ya ƙare tun a Afelan na 2013 da Sousoume Tamachek na 2017, inda jita ke magana a hankali, murya na gaba, mutum na jin kowace kalma. Yana jin harshen, nasa ne, don haka ba na raina hukuncinsa. Irin wannan kiɗan su suna kiransa assouf, kalmar da ya taɓa fassara min da kewa, ko begen gida, ko irin kaɗaicin da ke kama mutum in dare ya yi a daji babu kowa. Ya ce kiɗan da ba ya sa ka tuna da wanda ka baro, hayaniya ce kawai.

Mudun yaron kuwa ƙara. Shi ta YouTube ya san Mdou, bai taɓa jin Anar ba sai da na kunna masa, kuma da ya ji cewa ya yi, "Kawu, wannan ai kamar waƙar fim ce ta zamanin su Mama." A wurinsa duk inda yatsu suka fi gudu a kan tsirkiya nan ne gwaninta take.

Ni nawa mudun Afrique Victime ne na 2021, kuma sai na tsaya a kansa kafin in taɓa sababbin, don duk ƙorafin da na yi daga baya daga nan ya taso. Kundin yana buɗewa da carar zakara, kamar an tashe ka da asuba a ƙauye, kafin jitar Chismiten ta shigo tana hawa a hankali, ganga na ƙara sauri ba tare da ka lura ba, sai dai ka tsinci ƙafarka tana bugun ƙasa. Wannan ƙarin saurin shi ne sirrin ƙungiyar. Souleymane Ibrahim mai ganguna ba ya riƙe gudu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe yadda makaɗan Turawa suka saba. Yana tura kiɗan gaba kaɗan-kaɗan kamar raƙumin da ya fara da tafiya ya koma sassarfa ya ƙare da sukuwa. Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu, yana maimaita abu ɗaya ba gajiya, shi ne turken da aka ɗaure komai a jikinsa. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa jitar bas kuma yake haɗa sautin fayafan, yana cike ƙasan. A saman wannan shimfiɗar Mdou ke yawo da farar jitarsa ƙirar Fender, bahago ne, da yatsu yake kaɗawa.

Abin da ya sa kundin ya zauna min shi ne yana da inuwa. Bayan an yi gudu sai a zauna. Tala Tannam waƙar soyayya ce da jitar katako da tafi, ba ta gaggawar zuwa ko'ina. Layla gaisuwa ce ga Abdallah Oumbadougou, dattijon da ganin wasansa ya sa Mdou yana yaro ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke, a gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Dattijon ya rasu a 2020. Sai kuma waƙar da aka raɗa wa kundin sunanta, wadda ta haura minti bakwai, ta fara kamar makoki ta ƙare kamar gobara. Idan ka kai ƙarshenta ka san an kai ka wani wuri an dawo da kai. Na yi shekara uku ina aiki da wannan kundin a kunne, ina narka dalma ina gyaɗa kai.

To da wannan kunnen na tari Funeral for Justice, kuma gaskiya ranar farko ban ji daɗinsa ba. Babu zakara, babu sallama. Kana dannawa sai ka ji kamar an banko ƙofa. Waƙar farko ba ta wuce minti uku da 'yan kai ba, amma a cikinta an zuba abin da a da sai an yi minti bakwai ana tara shi. Gangar ta yi nauyi, bas ɗin ya yi kauri, jitar tana da kaushi kamar ana goga ƙarfe a dutse. Aminina yana zuba shayi ya dakata da butar a sama, ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce, "Malam, yaron nan Turawa sun saye shi." Ɗan yayata kuwa har tsalle ya yi daga kan benci. Ya ce ai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Aminina ya ce masa, "Kai yaro, ka bari sai ka iya rawar farko tukuna."

Wannan zargin na cewa an saye shi na daɗe ina juya shi, don da farko na karkata gare shi. Dalilan a fili suke. Kamfanin na Amurka ne. An naɗi kundin cikin kwana biyar a wani gida da ke jihar New York bayan sun shafe kusan shekara biyu suna zagayen wasa a ƙasashen waje. Sunan kundin da Turanci yake. Mdou da kansa bai ɓoye cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, shahararren makaɗin jitar rok, ya ɗauki wasu dabarun yatsu ba, kuma tun a kundinsa Ilana na 2019, wanda aka naɗa a Detroit, an fara jin wannan. Mutumin da ya fito a fim ɗin da aka shirya a Agadas aka saki a 2015, yana kwaikwayon labarin mawaƙin Amurka Prince, ba baƙon kiɗan rok ba ne. Sai ka ce to, ya ga abin da masu sayen tikiti ke so ya ƙara musu gishiri.

Abin da ya sauya min ra'ayi tunawa ce da wani biki. Shekarun baya na bi aminin nan nawa har Agadas ɗaurin auren wani ɗan'uwansa. Da dare aka kafa kiɗa a fili, ba Mdou ba ne, wasu samari ne na unguwa. Janareta na kuka a gefe, sifikokin sun tsufa, ɗaya ma takardarta ta yage an liƙe da salatif, an murɗa komai har ƙarshe. Jitar ba ta fita da tsafta, tana tsuwa tana fashewa, mai ganga yana duka kamar yana bin fatar bashi, ƙura ta turnuƙe, samari da rawuna suna shiga fage biyu-biyu, mata na guɗa, babura sun kewaye wurin an haska fitilunsu. Waƙa ɗaya sai ta yi minti goma sha biyar tana ƙara wuta. Na koma masauki kunnena na ƙugi har gari ya waye. Wata rana ina sauraron Sousoume Tamacheq ta cikin sabon kundin, inda jita ke buɗewa da wani irin ihu kafin ganga ta faɗo, sai ƙurar daren nan ta dawo min har maƙogwaro. Na ce wa aminina, "Malam, tsakaninka da Allah, bikin ƙaninka a Agadas ya fi kama da wanne, wannan ko Tala Tannam?" Ya yi shiru yana juya kofi. Can ya ce biki daban, faifai daban. Na ce na ji, amma kada ka ƙara cewa daga Amurka aka kawo ƙarar.

A nan na tsaya har yau. Kiɗan jitar Abzinawa da ya fara shiga kunnen Turawa mai sanyi ne, irin na Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012, dattawa da rawuna suna kaɗawa a natse. Shi suka saba da shi, shi suke tsammani daga hamada. Ƙarar da fashewar sauti da gudun ganga kuwa abin Agadas ne, abin matasan da suka taso suna cin abinci da kiɗan biki, inda in ba ka tayar da ƙura ba gobe wani za a kira. Duk wanda ya saurari Bombino a farkon tashinsa, ko Etran de L'Aïr da har yanzu ake saninsu da kiɗan biki a garin, ya san haka. Saboda haka ni a kunnena Funeral for Justice ya fi Afrique Victime kusa da filin biki. Abin da aka ƙara masa kayan aiki ne masu kyau, sifikar da ba ta yage ba.

Akwai wani abu kuma da ya sa zargin bai zauna ba. Wanda aka saya ba ya zagin mai sayensa a fuska. Kundin nan daga sunansa, wato jana'izar adalci, har ƙarshensa faɗa ne. Waƙar farko da shugabannin Afirka take. Oh France sunanta ya isa bayani, kuma duk wanda ya san cewa an kwashe shekaru fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kaiwa Faransa ta haska gidajenta, alhali yawancin ƙauyukan Nijar na kwana a duhu, ya san inda waƙar ta dosa. Modern Slaves ita ta rufe kundin, a hankali take tafiya, amma ba ta da daɗin zance. Aminina da ke fassara min ya yarda cewa kalmomin ba na neman suna ba ne. Matsalarsa ita ce sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsamo su daga cikin ƙarar.

Wadda ta fi kama ni ita ce Imouhar. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, kamar daga wayar wani a ɗaki na gaba ake jinta, har na ɗauka iyafis ɗina ne ya samu matsala na fara murza waya. Kana cikin ƙara sauti sai a sako maka komai gaba ɗaya. Wayo ne, kuma ya kama ni sau ɗaya, amma ko bayan na san yana zuwa ban daina jin tsigar jikina na tashi ba. Waƙar kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek, su rubuta shi, kada Faransanci da sauran harsuna su haɗiye shi. Da aminina ya gama yi min bayani sai ya ƙara da cewa, yana murmushi, "Har da naku, Malam. 'Ya'yana Hausa suke yi da junansu." Ban samu abin cewa ba. Mu da muka saba kukan Turanci na cinye Hausa, ba kasafai muke tuna cewa a wani gidan mu ne kuran ba. Ya ce shi kansa yana iya karanta Tifinagh, rubutunsu na gargajiya, don mahaifiyarsa ta koya masa a kan rairayi, amma babban ɗansa ko harafi ɗaya bai sani ba.

Takoba ita ce inuwa ɗaya tilo a tsakiyar kundin, tana lilo a hankali, muryoyi na amsa wa juna. Sunan ya ba ni sha'awa don kalmar ɗaya ce da takobinmu, irin dogon nan mai kube na fata da ake ratayawa. Imajighen tana da amshi mai kama baki, ko ba ka jin harshen za ka tsinci kanka kana bi. Tchinta ba ta dame ni ba, ba ta kuma burge ni ba. Djallo #1 ba waƙa ba ce, ɗan tsaki ne da bai kai minti ɗaya ba, kuma da shi aka cika lissafi tara.

Yanzu ga inda nake tare da aminina, don kada yaron ya ɗauka ya ci gari. Kundin yana gajiyar da kunne. Bai kai minti arba'in ba, amma in ka saurare shi a jere da ƙarfi sai ka ji kamar ka yi tafiyar Ƙonni zuwa Tawa a bayan akori-kura. Wuraren hutawa sun yi kaɗan. A Afrique Victime wuta tana da daraja don an sa ka jira ta. A nan kusan kowace waƙa da wutarta take zuwa a hannu, sai ta uku ta rage wa ta huɗu kwarjini. Na biyu, murya. Mdou ba mai babbar murya ba ne, tasa siririya ce mai taushi, kuma a waƙoƙi da dama an bar ta tana iyo a tsakiyar jita biyu da ganga. Mutumin da ya zo da saƙo mai nauyi irin wannan, ya kamata a ji shi ba sai an yi ƙoƙari ba. Bature da ba ya jin harshen bai yi asarar komai ba, zai karanta fassara. Ba'abzinen da aka yi waƙar dominsa shi ne ke wahala.

Na uku kuma magana ce ta sana'ata. Yawancin mutanenmu da sifikar waya suke sauraron kiɗa, ko 'yar ƙaramar rediyon nan mai cin memori. Na gwada kundin a wayoyi sun fi goma da suka zo gyara. A ƙananan wayoyi bas ɗin ɓacewa yake yi gaba ɗaya, faifan ƙarfen ganga ya koma kamar ana soya wani abu a mai, jitar ta zama tsuwa. Anar kuwa, da aka yi shi da kayan da ba su kai ko kusa ba, a kowace irin rakani-kashi ka saka shi yana fita tsaf, don kamar domin wayar aka yi shi. Idan za ka saurari Funeral for Justice ka nemi iyafis mai kyau ko sifika mai ɗaukar nauyi. In ba ka da su, kada ka yanke masa hukunci, abin da ka ji ba shi ba ne.

Muna cikin wannan ja-in-ja aka saki Tears of Injustice, kuma labarin yadda aka yi shi ya taɓa majalisarmu kai tsaye. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin sama. Mdou da Ahmoudou da Souleymane suna Amurka a lokacin suna wasa, hanyar gida ta toshe. An riga an gama naɗar Funeral for Justice kafin nan, wato Oh France ta riga juyin mulkin, ta kuma riga ficewar sojojin Faransa daga Nijar a Disambar shekarar. Suna zaune ba su san ranar komawa ba, sai suka shiga wani situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin da jitar katako, suna zaune wuri ɗaya. Bayan sun samu komawa gida Ahmoudou ya naɗo muryoyin wasu 'yan'uwansu suna amshi, aka haɗa a ciki.

A daidai waɗancan watannin aminina ma a nan ya maƙale. Najeriya ta rufe iyakarta bisa takunkumin ECOWAS, ta yanke wutar da take ba Nijar, motarsa na wannan gefen, iyalinsa na wancan. Ya yi makonni yana kwana a shagon wani ɗan garinsu, kullum yana bakin shagona yana cajin waya yana jiran kira. Ba a buɗe ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Don haka ranar da na kunna masa sabon faifan na gaya masa halin da aka yi shi a ciki, bai ce komai ba har aka gama waƙa biyu. Shayin ma ya ƙone a wuta.

Waƙoƙi takwas ne, su ne dai na wancan kundin ban da ɗan tsakin nan. Amma an kwance musu ɗamara. Imouhar ta miƙe ta haura minti takwas, babu dabarar ɓoye sauti a fashe da shi, jita ce kawai ke zagaye tana dawowa, murya na gaba, amshi na biye. Oh France da a can take kamar zanga-zanga, a nan ta koma kamar dattijo yana lissafa abin da aka yi masa, ba ya ɗaga murya. Na fi jin tsoron wannan sigar. Modern Slaves ma ta fi zama daram a nan. Wadda ta yi asara ita ce waƙar farko, don ita da ƙarfinta aka haife ta, da aka cire mata wutar sai ta zama kamar doki an ɗaure shi a turke yana kallon fili.

Abin da faifan na biyu ya tabbatar min shi ne waƙoƙin suna da ƙashi. Da ƙara ce kawai ke riƙe da su, da an cire ta sun zube. Ba su zube ba. Wannan ya kashe rabin hujjar aminina, ya kuma kashe rabin ta yaron, wanda ya ce shi barci faifan ke sa shi. Na ce masa ya bari sai ranar da ya yi nisa da gida.

Shi ma Tears of Injustice ina da abin cewa a kansa. In ka saurare shi shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, launinsa ɗaya ne, ba hawa ba gangara sosai. Cutar wancan ce aka juya ta: can rana ba inuwa, nan inuwa ba rana. Abin da Afrique Victime ya haɗa a kwano ɗaya, an raba shi kwano biyu an ce ka saya daban-daban. Shi ya sa har gobe in aka ce in ɗauki ɗaya in bar saura, na 2021 zan ɗauka, kuma duk wanda bai taɓa jin Mdou ba daga nan nake cewa ya fara. Wanda ya riga ya san shi, yana da abin sauraro mai kyau, ya nemi Funeral for Justice, ya ba shi sati biyu kafin ya buɗe baki. Wanda ya fi son na da, ko yake jin harshen, Tears of Injustice nasa ne. Dukansu suna kan Spotify da YouTube, ana kuma sayar da su a Bandcamp da faifan garmaho ga mai hali. Ni da na fara da kwafar waƙarsa ba izini, wannan karon na sa ɗan yayata ya saya mana, ko ba komai na rage bashi.

Tsohuwar sana'a ba ta barin jini. Na zauna na haɗa nawa jerin daga fayafan biyu: waƙar farko da Sousoume Tamacheq da Imajighen daga mai ƙara, Oh France da Modern Slaves daga mai sanyi, Takoba a tsakiya, Imouhar kuma sau biyu, mai wuta a farko, doguwar a ƙarshe. Shi nake kunnawa a shago yanzu. Makon jiya aminina zai koma Tawa da lodi, ya miƙo min memorin motarsa ya ce in zuba masa mai sanyin kawai, kada in saka masa hayaniyar yaran nan. Na zuba masa, na kuma saƙa Imouhar mai wutar a can ƙarshe ban gaya masa ba. Shekaranjiya ya kira ni daga Ƙonni a kan maganar wata waya da zai kawo gyara. Muna magana ina jin ta tana tashi a bayansa, ya murɗa ta har sifikar motar na karkarwa.